Hannun Mai Burodi

Shekara talatin da ɗaya hannun nan na kwaɓa fulawa
tun kafin jiragen ruwan Valparaíso su yi kukan asuba.
Sai wata Talata cokali ya faɗi,
magana ta karkace a bakinsa,
ɓarin dama ya yi shiru.

Da muka dawo daga asibiti
na ɗauka shirun ne zai zauna da mu.
Ashe baƙo na tafe a baya.
Wata biyu, yatsu suka soma naɗewa cikin tafi,
gwiwar hannu ta manne da haƙarƙari
kamar mai ɓoye kuɗi a cunkoson kasuwa.
Na ce, Anselmo, saki mana.
Ya ce, Eulalia, ba ni na riƙe ba.

Na ja, hannun ya ja ni.
Na ƙara, ya ƙara.
Na zauna bakin gado ina haki,
ina jin haushin nama da jijiya.

Maite ce ta hawo matakalarmu ɗari da tara,
jaka a kafaɗa, ta nemi ruwa kafin gaisuwa.
Ta ce, wannan ba taurin kai ba ne, ba ƙarfi ba ne.
Tsoka ta iya ja tun ranar haihuwa,
ƙwaƙwalwa ce ke aiko mata da "ya isa".
Yanzu hanya ta yanke, ɗan aike bai iso ba,
ita kuwa tana nan tana ja.
In kin fizge ta, firgita take, ta ƙage.
Lallaɓa ta.

Ta ɗora tafinta kan nasa,
ba ta ce komai ba har ruwan shayi ya tafasa.
Ɗan yatsa ɗaya ya miƙe.
Na biyu ya biyo shi, yana rawa.

Daga nan na koyi karatun hannu.
Sanyin Yuli na dunƙule shi.
Fitsari in ya matse shi, haka.
Ƙurji a diddige, farce ya shiga nama,
ko wasiƙar banki a kan tebur,
duk a yatsun nake fara gani.

Likita ya ba da ƙwaya, safe da dare.
Jiki ya saki, har murna na yi,
sai ga shi yana gyangyaɗi kan miya,
ran Lahadi kuma ya zube a ƙofar banɗaki.
Ashe taurin ƙafar da nake tsine wa
shi ne sandar da yake tsayuwa a kai.
Aka rage ƙwayar.
Ba duka ake kora ba, in ji Maite,
wani a sallame shi, wani a ba shi ɗaki.

Hannun kuwa allura aka yi masa, wuri huɗu.
Kwana goma, tafin ya buɗe,
na wanke tsamin da ya daɗe a ciki,
na yanke farce ba tare da kokawa ba.
Wata uku take yi, sai a koma.
Da dare mu ɗaura masa marfin roba,
da safe mu miƙe shi, ina ƙirga talatin,
shi yana gyara mini ƙirgan.

Jiya na ajiye kwaɓi a gabansa, ban ce komai ba.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ɗauko hannun dama da na hagu
kamar mai ɗaukar jaririn wani,
ya dasa shi a tsakiya, ya jingina nauyinsa.

Burodin ya fito a karkace.
Shatin yatsu huɗu na nan a bayansa,
na biyar bai yarda ba tukuna.
Mun ci da man shanu, a tsaye,
taga a buɗe, teku na ta aikinta a ƙasa.